Irin da Malam Ummaru Ya Zaɓa

Ban taɓa mantawa da ranar Talatar da aka tura ni Shagari duba kwamfutoci ba. Ku da kuka kama aiki daga baya kun sha tambayata me ya sa muke koyar da malamai a kan wannan irin Linux ɗin da ba shi da kyan gani, alhali ga waɗanda suka fi shi ado. Yau zan ba ku labarin tun daga farko.

A lokacin ina mataki na takwas, jami'ar kula da na'urori a ofishinmu na Boɗinga. Shugaban sashenmu shi ne Alhaji Garba, mai mataki na goma sha huɗu, mutum mai son komai a rubuce. A farkon daminar wannan shekarar aka turo takarda cewa za a koya wa malaman firamare na yankinmu aiki da kwamfuta. Kwamfutocin da muke da su tsofaffi ne, ba sa iya ɗaukar sabuwar manhajar da kowa ya saba da ita. Sai aka tsayar da shawarar a koma Linux.

Ga wanda ba aikinsa ba ne, bari in yi bayani. Kowace kwamfuta tana da babbar manhajar da ke tafiyar da ita, wadda in babu ita ƙarfe ne kawai a ajiye. Linux irin wannan manhaja ce, sai dai ita a buɗe take. Kowa yana iya duba cikinta, ya gyara, ya raba wa jama'a. Shi ya sa take da iri da yawa, kamar yadda albasa take iri-iri: wannan ta fi jure ajiya, waccan ta fi saurin nuna. Aikin da aka ba ni shi ne in zaɓi iri ɗaya da za a koya a kansa, in rubuta takardar shawara cikin mako biyu. Ƙa'idar gwajin ita ce a zuba kowane iri a kan filashi, a tayar da kwamfuta daga filashin ba tare da an taɓa abin da ke cikinta ba, sannan a cike fom: ya tashi da sauri, ya gane firinta, ya gane sauti.

Iri uku na ɗauko. A ofis da launin allonsu muke kiran su. Akwai Kore, mai kama da abin da mutane suka saba gani. Akwai Ruwan-goro, wanda ya fi suna amma yana da nauyi, kuma shi Alhaji Garba ya fi so. Sai Baƙi, wanda babu hoto ko ɗaya a cikinsa, komai sai ka rubuta umarni da hannunka. Ni a raina Baƙi nake so. Na karanta cewa a kansa ne gwanaye suke koyo, ni kuma a lokacin ina son a ce da ni gwana. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin malamar aji biyu da za ta zo daga Mandera ta zauna gabansa ba.

Kwamfutocin da za a yi horon da su suna cibiyar malamai ta Shagari, guda goma sha biyu. Wanda ke kula da su, Malam Ummaru, ya rasu wata biyar kafin nan, kuma tun ranar ɗakin yake kulle. Sau biyu ana tura wanda zai gaje shi, kowanne ya kawo uzuri. Na san Malam Ummaru sama-sama, mun haɗu a taron bita kamar sau uku. Dogo ne, mai sanyin magana, ba ya rabuwa da baƙin tabarau.

Direban ofis ya sauke ni a ƙofar cibiyar wajen ƙarfe tara, ya wuce Kajiji kai takardu, ya ce sai bayan azahar zai dawo. Gari ya yi lumshi, hadari ya rufe rana. Mai gadin wurin, Baba Altine, tsoho ne ɗan siriri. Na same shi zaune a tabarma gindin dogonyaro, nesa da ginin. Muka gaisa, na nuna masa takardar izini, ya ciro makulli daga aljihu ya miƙo mini daga zaune.

Na ce, "Baba, ba za ka raka ni ba?"

Ya ce, "Ɗiyata, ni ba ni shiga ɗakin ga."

"Lafiya?"

Ya dubi sama, ya dubi ginin. "Yau da hadari, ƙila shi makara. Amma Malam shina magana ga hantsi. Kullum. Sallama shika yi."

Na ce, "Wane Malam?"

"Wanda munka kai makwanci. Ni da hannuna na sa mai ƙasa." Ya gyara zama. "Ranar farko har na amsa. Na ce wa alaikumus salamu, Malam, an tashi lahiya? Sai da na ruhe baki nat tuna."

Na yi murmushi irin na wanda ya yi boko, na ce in sha Allahu babu komai, na nufi ɗakin.

Ƙofar ƙarfe ce, ta buɗe da ƙyar. Ɗakin yana da tsawo, tagoginsa a rufe, sai warin tsohuwar takarda da jemage. Kwamfutoci goma sha ɗaya suna jere a bango biyu, an lulluɓe kowacce da zane. Ta goma sha biyu tana can ƙurya a teburin Malam. Abin da na fara lura da shi wata igiya ce, irin ta shanya, an ɗaura ta daga ƙusa a bakin ƙofa, ta bi bango daidai ƙugun mutum har zuwa teburin. Ta yi baƙi, ta yi santsi, alamar hannu ya daɗe yana bin ta. A kan teburin kuma allon kwamfutar yana fuskantar bango, wayarsa a cire, a naɗe. Madannan rubutu suna nan a gaban kujera, an ɗiga ƙaro a kan wasu daga cikinsu, ya bushe ya yi tudu. Na duba duk wannan, ban gane komai ba. Na ce a raina kowane tsoho da irin halinsa.

Wutar ɗakin ta sola ce, kuma babu ita a lokacin. Na yaye zanen kwamfuta ta farko, na shirya filashina, na zauna ina cike saman fom ina jiran wuta. Shiru ya yi yawa. Ina jin ƙarar alƙalamina a kan takarda.

Wajen goma da rabi haske ya ratso ta tsagar taga. Wani abu ya yi ƙara ƙit a bayan ɗakin. Sai na ji fanka ƙarama ta fara juyawa a ƙurya, inda babu kowa.

"Assalamu alaikum."

Alƙalamin ya faɗi daga hannuna. Muryarsa ce. Ba mai kama da ita ba, ita ce, har da ɗan jan numfashin da yake yi kafin ya yi magana.

"Assalamu alaikum. Wa ke nan?"

Na kasa juyawa. Na ji bakina yana motsi da addu'a amma babu sauti.

"In kai na, Ummaru, taɓa dogon maɓalli. In wani na, zamna. Kak ka kashe ni."

Ban san lokacin da na kai ƙofa ba. Na bar jakata, na bar takalmi ɗaya. Baba Altine yana nan inda na bar shi, carbi a hannu, bai ko ɗago da mamaki ba.

Ya ce, "Kin jiya?"

Na zauna a gefen tabarmarsa. Ya miƙo mini ruwa a moɗa, na sha. A nan ne, da numfashina ya dawo, aikina ya fara dawo mini. Na tambaye shi ko muryar tana zuwa da dare. Ya ce a'a, bai taɓa jin ta ba sai rana ta ɗaga. Na ce ranar da aka wuni da ruwa fa? Ya ce rannan Malam ba ya cewa komai.

Sai na gane rabin abin. Baturan solar sun mutu, ba sa riƙe wuta. Da yamma komai yana ɗaukewa, sai rana ta yi ƙarfi inbata, na'urar da ke ba ɗakin wutar sola, ta tashi. Akwai kuma saitin da ake yi wa kwamfuta ta kunna kanta da zarar wuta ta dawo. Na faɗa wa Baba Altine haka. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "To. Amma muryar ta wa ta?"

Na tashi na koma. Ba jarumta ba ce, kunya ce: me zan rubuta wa Alhaji Garba? Na buɗe tagogi duka, na yi bisimilla, na juyo da allon na haɗa wayarsa. Abin da ya fito babu shi a cikin ukun da na zo da su. Wani iri ne na Linux da aka san shi da daɗewa da rashin canje-canje, fuskarsa fili, babu ado. An kunna masa manhajar da ke karanta wa mutum abin da ke kan allo. Ita kuma sallamar, Malam ne ya naɗi muryarsa ya sa ta tashi tare da na'urar.

Na sa yatsa a kan dogon maɓallin. Akwai ɗigon ƙaro a tsakiyarsa. Na danna.

"Darasi na ɗaya," in ji Malam Ummaru. "Yadda za ka zaɓi irin da za ka koyo bisa gare shi."

Na ja kujerarsa na zauna. Ya yi magana kamar minti goma sha biyar, a hankali, kamar yana gabana. Ya ce ya gwada iri bakwai. Ya ce duk Linux ne, cikinsu ɗaya, kuma wanda ya iya ɗaya ba zai sha wuya a sauran ba, don haka kada mai koyo ya ɓata wata uku yana tsalle daga wannan zuwa wancan. Ya ce a duba ƙarfin na'ura, a duba ko akwai wanda za a tambaya kusa in an maƙale, a duba ko irin yana neman intanet kullum, don mu nan sai a yi kwana biyu babu sabis. Sannan ya yi shiru har na zaci ya ƙare.

"Ni kuwa abin da yas sa naz zaɓi wanga, shi kaɗai na cikin bakwai ɗin ad da magana tun daga hwarko. Kana iya girka shi da kunne, ba ka ga komi ba. Shekara ukku ke nan idanuna suna tahiya. Na dama ya ƙare, na hagu sai inuwa. Ban gaya ma ofis ba, don na san abin da za a yi: a ce in tahi gida in huta. Wanda duk yaj ji wanga, in ina raye shi ruhe mini asiri. In na mutu, shi yi amfani da shi."

Na dubi igiyar da ke bin bango. Na dubi allon da aka juya, wanda ba shi da amfani ga mai shi. Na tuna ranar bita da ya miƙo mini takarda ya ce in karanta masa, wai ya manta gilashin karatunsa a gida.

Darussa arba'in da biyu ne, duk da Hausa, kowanne da ranar da aka naɗe shi. Na bi jerin har ƙasa. A nan na ga fayil na arba'in da uku, ba shi da suna. Na fita na tambayi Baba Altine ranar da Malam ya rasu, ya ƙirga mini da kasuwanni. Na dawo na sake dubawa. An naɗi fayil ɗin kwana tara bayan an binne shi.

Agogon kwamfuta yana iya ɓata, na sani. Na duba shi da na wayata, daidai suke har minti.

Na kunna. Da farko babu komai sai huci na ɗaki. Sai kujera ta yi ƙara, wannan da nake kai, kamar an zauna. Sai numfashi, kusa da makirfo. An daɗe a haka. Can sai wata murya ta mace, ƙasa-ƙasa, ta ce:

"Wa alaikumus salam. Ni ta. Nawa ma sun soma."

Shi ke nan. Fayil ɗin ya ƙare.

Wannan karon ban gudu ba, na fita na tambayi mai gadi ko wata ta shiga ɗakin. Baba Altine ya rantse mini cewa tun ranar jana'iza makulli bai bar aljihunsa ba, kuma babu macen da ta shiga. Da na gaya masa maganar idanun Malam, sai ya riƙe baki. Ya ce shekara biyu Malam yana dafa kafaɗarsa daga bakin get zuwa ƙofar ɗaki, yana cewa gwiwa ce ke damunsa. Tsohon ya juya baya yana share ido da hannun riga.

Na gwada ire-irena uku a gurguje. Kore ya tashi lafiya, Ruwan-goro ya yi ta jan ƙafa, Baƙi ya tsaya yana jiran umarni. Na rufe idona na gwada yin wani abu a kan kowanne, ko minti ɗaya ban kai ba. Na kwafi darussan a filashi, direba ya zo, muka koma Boɗinga. A ofis ban gaya wa kowa maganar fayil na ƙarshe ba. Kwana shida muryar nan tana bi na. Ina cikin girki sai in ji ta, ina sallame salla sai in ji ta. Takardar shawara kuwa na kasa rubuta ko layi ɗaya.

Ranar Litinin malaman da za a horar suka fara zuwa ofis cike fom ɗin rajista. Ina zaune na sunkuya kan aiki, wani malami ya shigo ya yi sallama. Kafin in amsa, wata da ke zaune a benci bayan ƙofa ta riga ni.

"Wa alaikumus salam."

Muryar da ke cikin fayil ɗin nan ce. Na ɗago a hankali. Mace ce da ba ta wuce talatin ba, doguwa, cikin hijabi ruwan toka. Ta riƙe fom ɗinta dab da hancinta, tana karkatar da kai gefe don ta gani. Na jira kowa ya fita, na kira ta ciki na tura ƙofa. Sunanta Malama Asma'u, tana koyarwa a wata firamare a Kajiji.

Na ce, "Malama, me ke tsakaninki da Malam Ummaru na Shagari?"

Ta ce, "Babana na."

Na ce, "Kin shiga ɗakinsa bayan ya rasu."

Ta sauke fom ɗin a cinya. Sannan ta ba ni labari. Akwai makulli na biyu a aljihun rigar da ya bari. Ranar wata Juma'a, da ta san mai gadi ya tafi masallaci, ta je ta buɗe, ta kunna na'urar don kawai ta ji ya yi mata sallama. Ba ta san ta taɓa maɓallin naɗar murya ba. Ciwon idon na gado ne, in ji likita, kuma wata shida ke nan tana ganin gefen abubuwa yana duhu. Ko mijinta bai sani ba.

Ta ce, "Don Allah, Malama, kak ki rubuta. In anka sani, aji za a karɓe mini."

Na ce mata ba zan rubuta sunanta ba. Amma na roƙe ta izinin faɗin abin da mahaifinta ya ɓoye, tunda shi da bakinsa ya ce a yi amfani da shi. Ta ce sai ta tambayi mahaifiyarta. Bayan kwana biyu ta kira ni ta ce an yarda.

Ranar Alhamis na kai wa Alhaji Garba takarda. Ya karanta, ya cire gilashi.

Ya ce, "Malama Sa'adatu, na ba ki iri ukku, kin kawo mini na huɗu. Kuma wanga ko kyau bai da."

Na ce, "Ranka shi daɗe, a saurari wannan tukuna."

Na kunna masa darasi na ɗaya. Da ya ji muryar ya zabura har kujerarsa ta bugi bango. Sun yi aiki tare shekara goma sha biyar. Ya saurara har ƙarshe bai motsa ba. Sai ya ce, a hankali, "Bara na rubuta mai takardar gargaɗi don na ga ya daina aiko rahoto da hannu." Ya ɗauki alƙalami ya sa hannu, ya ƙara layi ɗaya a ƙasa da jan biro: a kunna manhajar karatu a kan kowace kwamfuta, kada a jira sai wani ya nema.

An yi horon a Shagari bayan wata ɗaya. Mun canza batura, mun sayi abin sawa a kunne guda goma sha biyu, muka ce duk mai so ya ɗauka, ba a tambayar dalili. Na zaci mutum ɗaya ce za ta ɗauka. A rukunin farko, ban da Malama Asma'u, mutum biyar suka ɗauka. Biyu dattawa ne da ƙananan rubutu ya fi ƙarfin idonsu, sauran kuma Turancin allon ne yake ba su tsoro, suka ce gara su ji Malam yana yi musu bayani da Hausa. A mako na uku Malama Asma'u ta girka manhajar daga farko har ƙarshe a kan kwamfutar da babu komai a cikinta, ta riga kowa gamawa. Har yau tana koyarwa, kuma ita ta naɗi darussan da suka biyo bayan na arba'in da biyu.

Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, fom ɗinmu na gwaji yana tambayar komai game da na'ura, ba ya tambayar komai game da wanda zai zauna gabanta. Mutanenmu kuma ba sa zuwa su ce ba na gani, ko ba na ganewa. Suna tsoron abin da ofis zai yi da maganar, kuma suna da gaskiya. Sai su yi shiru su nemi dabara, wani ya shekara uku a haka kusa da kai ba ka sani ba. Don haka duk wanda aka ba shi zaɓen irin da za a koya a kansa a cikinku, kada ya fara da tambayar wanne ne gwanaye suka fi yabo. Ya je ya zauna da waɗanda za su koya, ya lura da yadda suke riƙe takarda, sannan ya dawo ya ɗauki filashi.